Wa Zai Ba Azzalumi Masauki?

'Yan'uwa masu karatu, ga wata tambaya mai wuya. Idan mai mulkin da ya zalunce ka ya faɗi, ya zo ƙofarka da ciwo, ba shi da wurin kwana, za ka buɗe masa? Kada ka yi saurin amsawa. Bari mu ji abin da ya faru a Jamus tukuna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka raba Jamus biyu. Gabas tana hannun 'yan Kwaminis, sojan Rasha suna tsaronsu. A 1961 suka gina garu a tsakiyar birnin Berlin domin kada mutanensu su gudu Yamma. Wanda ya shugabanci ginin sunansa Erich Honecker, a 1971 kuwa mulkin ƙasar duka ya koma hannunsa. Aƙalla mutum 140 suka rasa ransu a wannan garu, da yawansu harbe su aka yi. Matarsa Margot ita ce ministar ilmi tun 1963.

Ana nan sai gabar Rasha da Amurka ta soma sanyi. Gorbachev ya hau mulki a 1985, a 1987 shi da Reagan suka ɗaura alkawarin lalatar da waɗansu makamai masu linzami. Ya kuma nuna ba zai aika soja su tokare mulkin Kwaminis a maƙwabta ba. Sai tsoro ya ragu. Ran 9 ga Oktoba 1989 mutum wajen 70,000 suka fita titi a Leipzig bayan addu'a, ba a harbi kowa ba. Ran 18 aka tuɓe Honecker, ran 9 ga Nuwamba aka buɗe garun. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

A Janairu 1990 aka yi masa aiki saboda ciwon daji. Gidan gwamnati da ya ke zaune ciki ya kuɓuce masa, jama'a kuwa suna cike da fushi. Aka roƙi ekklesiya ta taimaka. Fasto Uwe Holmer, shugaban gidajen naƙasassu a ƙauyen Lobetal, ya karɓe shi da matarsa cikin gidansa wajen mako 10. Wannan fasto yana da 'ya'ya 10, an kuwa hana da yawansu shiga makarantar da ke kai mutum jami'a, a zamanin da ita Margot ta ke riƙe da makarantu. Mutane suka taru a ƙofarsa suna ihu, waɗansu 'yan'uwansa Kirista ma suka ji haushinsa.

Kada mu rena fushin waɗannan mutane. Uwar da aka harbe ɗanta a gindin garu tana da ikon tambaya, ina adalci? Ga shi kuma Honecker bai tuba ba. Har mutuwarsa yana ganin hanyarsa daidai ce. Yi wa irin wannan mutum alheri, ba yayyafa gishiri ba ne a gyambon waɗanda ya cuta?

A ganinmu abu biyu ne a ke gaurayawa, watau jinƙai da shari'a. Faston bai wanke Honecker daga laifi ba, bai ɓoye shi ga hukuma ba. Abinci da makwanci kaɗai ya ba shi. Abin da aka yi wa gidansa, yana da ikon yafewa. Jinin ɗan wani kuwa ba nasa ba ne da zai yafe. Wannan aikin alƙali ne. An gurfanar da Honecker gaban shari'a a Berlin a 1992, aka tsai da ita a Janairu 1993 saboda ciwonsa, ya mutu a Chile a 1994. Waɗansu sun ga ya tsira da arha, ba mu kuwa ce ba su da hujja ba. Magajinsa Egon Krenz dai an yanke masa ɗaurin shekara 6 da rabi a 1997.

Amma ku lura da wannan. Mulkin da ya faɗi ya raba mutane kashi biyu: namu, da abokan gaba waɗanda ba su da hakki. Da taron masu fushi sun bar tsoho mai ciwo a titi domin shi abokin gaba ne, da sun nuna sun koyi karatunsa sarai. Mai mulki ya sake, amma halin yana nan. Alherin da sai mai kirki a ke yi wa, ai ciniki ne.

Saboda haka, kai mai karatu, idan wanda ya taka ka jiya ya faɗi yau, ka faɗi gaskiyar abin da ya yi gaban alƙali, kada ka rage ko ɗaya. Amma idan yana jin yunwa a ƙofarka, me za ka yi? Yanzu sai ka amsa.