Baki Nawa Ka Ƙirga?

Karatu: Littafin Firistoci 19:9-10, Rut 2

Da sanyi ya shigo, masu noman rani a bakin madatsar Tomas ta ƙasar Dambatta sukan zauna lissafi: kunya nawa ta tumatir, nawa ta albasa, nawa ta kuɓewa da alayyafo? Filin ba yawa, rabon gado ya tsinka shi. Yin lissafi ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Amma baki nawa ka ƙirga? Na gidanka kaɗai?

Ubangiji ya umarci Isra'ilawa kada su girbe gefen gonakinsu, su bar wa matalauci da baƙo. Bai ce sai mai babbar gona ba. Da wannan kala Rut ta ciyar da surukarta Na'omi.

Wataƙila ka ce, "Lambuna ƙarami ne, in an sami ragowa zan bayar." Yaushe ake samun ragowa? Sai tumatir ya cika kasuwa, kwando ya faɗi, yana ruɓewa. A ranar, ko gwauruwa ba ta rasa na miya. Ranar da take bukata, kai ma hannunka a rufe yake.

Saboda haka tun ranar dashe ka ware kunya ɗaya dominta. Ka ba ta taki da ruwa daidai da sauran.

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe idona in ga bakin da na manta a lissafina, cikin sunan Yesu. Amin.