Ƙa'ida Ɗaya Ga Yaran Kowa



Yaranmu da ke Boɗinga da Shagari suna zuwa makarantun firamare na gwamnati, suna zama a kan benci ɗaya da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi. A can ne suke fara koyon zama da wanda ba ɗan gidansu ba. Saboda haka ya wajaba mu tambayi kanmu: wace tarbiyya muke aika su da ita, wace kuma suke komowa da ita?

Bishara ta hannun Luka, sura ta 2, ta nuna mana Yesu yana yaro a Nazarat, yana biyayya ga Maryamu da Yusufu, yana girma cikin hikima. Idan Ɗan Allah ya yarda a yi masa tarbiyya, ashe babu yaron da ya fi ƙarfinta. Babban Taron Vatikan na Biyu kuma, a shekarar 1965, ya koyar da cewa iyaye su ne malamai na farko ga 'ya'yansu. Makaranta mataimakiya ce, nauyin yana wuyanmu.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin darajar malami. A Sifawa, cikin yankin Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana koyarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Marigayi Alhaji Shehu Shagari ya riƙe alli a Sakkwato da Argungu tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. A Sakkwato ne kuma aka ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya na UBE a 1999. Gwamnati tana iya gina aji, amma hali sai iyaye da malamai sun haɗa baki. Idan malam ya hana ƙarya, uba kuwa ya ce wa yaro ya gaya wa mai bin bashi ba ya nan, wa yaron zai bi?

Don haka muna roƙon kowane uba da kowace uwa su halarci taron iyaye da malamai, su zauna da hedimasta da sauran iyaye, Kirista da Musulmi, a amince da ƙa'idodi kaɗan waɗanda kowa zai riƙe. Yaro ya iso kafin a kaɗa ƙararrawa. Ranar kasuwa ba ranar hutu ba ce, kada a cire yarinya daga aji don talla. Babba kada ya doki ƙarami. Kada a yi satar amsa. Kada wani yaro ya yi wa addinin wani ba'a, ko ya kira shi da sunan raini. Idan muna da kuka a kan malami, mu kai wa hedimasta cikin ladabi, kada mu zage shi a gaban yaro.

Batun girmama addinin juna ba wasa ba ne. Ba mu manta da ran ɗalibar da aka kashe a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a Sakkwato a watan Mayu na 2022 ba, da tashin hankalin da ya biyo baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi tun yana aji ɗaya cewa ran abokinsa na Allah ne, da wuya ya ɗauki dutse idan ya girma.

Katekis da Zumuntar Mata su tuna wa iyaye wannan bayan Misa. Mu kuma mu fara daga gida, gama abin da yaro ya gani ya fi abin da ya ji tasiri.

Iyali Mai Tsarki na Yesu, Maryamu da Yusufu su yi addu'a domin yaranmu da malamansu. Amin.