Gobara a Gidan Maƙwabci: Haƙƙin Wa Ne?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa. 

Da zarar hunturu ya kankama, iska ta busar da zana da karan dawa, sai labarin gobara ya cika gidajen rediyo. A watan Nuwamba na 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a wata makarantar firamare a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. A watan Fabrairu na 2025 ta tashi cikin dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, almajirai 17 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyayensu haƙuri. A manyan birane akwai 'yan kwana-kwana, ko da ba su wadata ba. Amma a ƙananan garuruwa da yawa sai motar ta taso daga wani gari, kuma kafin ta iso wuta ta gama aikinta. Tambayar da nake so mu tattauna ita ce: idan gobara ta ci rai a garin da babu motar kashe wuta, wa Allah zai tambaya?

Amsar da aka fi ji a wurin jaje ita ce "ƙaddara ce". Wannan gaskiya ne, kuma imanin mutum ba ya cika sai ya yarda da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. To amma mu duba yadda Annabi (SAW) ya yi lokacin da irin wannan ta faru. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina. Da aka ba Manzon Allah labari, sai ya sanar da sahabbai cewa wuta maƙiyiyarsu ce, ya umarce su da su riƙa kashe ta in za su kwanta. A hadisin Jabir kuma ya faɗi dalilin kashe fitila, wato ɓera kan ja lagwani ya ƙone mutanen gida. Wanda ya fi kowa sanin ƙaddara ke nan, amma ya fitar da darasi daga musibar, ya ba da umarni. Haka Sayyidina Umar, da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, ya juya da jama'arsa, ya bayyana cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Saboda haka kalmar ƙaddara magani ce ga zuciyar wadda ta yi rashi, amma ba ta wanke wadda ta bar kyandir a kan katifa, ko unguwar da ba ta tanadi ko bokiti ɗaya na yashi ba.

Amsa ta biyu ita ce "aikin gwamnati ne". Wannan ma akwai gaskiya a ciki, domin shugaba makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Haƙƙinmu ne mu nemi a kawo mana tashar kashe gobara da mota mai ruwa a cikinta. Sai dai ceton rai yana cikin abin da malamai ke kira fardu kifaya, wato wajibin da idan wasu suka yi ya faɗi a kan saura, idan kuwa aka rasa mai yi, duk wanda ke da iko ya shiga cikin laifi. Mun san wannan hukunci sarai a kan jana'iza. Babu garin da ake barin gawa a kwance ana jiran ma'aikacin ƙaramar hukuma ya zo ya wanke ta. Akwai masu wanka, akwai masu haƙa kabari, akwai makara a masallaci, kowa ya san aikinsa. To me ya sa muka tsara yadda za mu binne wanda wuta ta kashe, amma ba mu tsara yadda za mu fito da shi da ransa ba? Malaman fiƙihu sun ce ko salla mutum yake yi, in ya ga rai zai halaka kuma yana da ikon ceto, wajibi ne ya yanke sallar.

Wata za ta ce ai mutanenmu ba sa gudun taimako, da an yi ihu kowa zai fito. Haka ne, Allah Ya saka masu da alheri. Amma akwai wata ƙa'ida ta malamai da ke cewa duk abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Taron mutum 100 da babu ruwa, babu tsani, babu wanda ya san inda ake kashe mita, 'yan kallo ne kawai, wani lokaci ma su ne ke tare hanya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kashe wuta wajibi ne, to koyon yadda ake kashe ta da tanadin kayan aikin tun kafin ta tashi suna cikin wajibin.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane haka. A shekarar 1736 Benjamin Franklin da maƙwabtansa suka kafa ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara a birnin Filadelfiya na Amurka, kowane ɗan ƙungiya ya ajiye bokitan fata da jakunkunan kwashe kaya a gidansa. Kusan kashi 2 cikin 3 na masu kashe gobara a Amurka 'yan sa-kai ne. A Jamus sun kai kimanin miliyan 1, manoma ne da malaman makaranta da makanikai waɗanda ke ajiye sana'arsu su ruga idan an yi kira, kuma hukumar gari ce ke saya masu motoci da kayan aiki. Wannan ya nuna cewa sa-kai ba ya sauke wa gwamnati nauyinta, hasali ma jama'ar da ta shirya ta fi ƙarfin bakin neman haƙƙinta. Mu ma ba baƙin wannan ɗabi'a ba ne. Muna da aikin gayya, muna da 'yan agaji, muna da 'yan sintiri. Abin da ya rage shi ne a sa gobara cikin lissafi.

Amsa ta uku ita ce wadda ta fi shafar mu: "aikin maza ne". 'Yar'uwa, wa ke kunna risho da kurfoti da tukunyar gas? Wa ke sa hita a bokiti da asuba, wa ke turara ɗaki da kasko? Idan wuta ta tashi da hantsi, maigida yana kasuwa ko gona ko ofis, ke ce a gida da yara. Mintunan farko, lokacin da wuta take ƙarama ana iya cin ƙarfinta, a hannun mace suke. Annabi (SAW) ya ce mace makiyayiya ce a gidan mijinta. Kuma mu tuna Rufaida, sahabiyar da ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ. Ba ranar yaƙin ta fara koyon ɗaure rauni ba.

Ilimin da ake buƙata ba mai wuya ba ne. Idan man suya ya kama wuta, kada ki zuba ruwa, domin ruwan zai tarwatsa man, wutar ta bazu. Ki kashe murhun, ki rufe tukunyar da murfi. Idan wutar lantarki ce, a fara kashe mita kafin a kawo ruwa kusa. Idan kin ji warin gas, kada ki taɓa makunnin fitila ko ashana, ki rufe kan tukunyar, ki buɗe tagogi, ki fitar da yara. Jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki. Garwashi a ɗakin da aka rufe ruf yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma sama yake tashi, don haka a koya wa yara su fita da rarrafe. Wadda zaninta ya kama kada ta yi gudu, ta kwanta ta yi birgima, a lulluɓe ta da bargo. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata kamar minti 20 sannan a tafi asibiti, ban da ɗanyen ƙwai da manja da makilin. Sannan don Allah a daina kulle yara a ɗaki a tafi biki ko unguwa, musamman ɗakin da tagoginsa ke da ƙarfe.

Akwai kuma wata magana da ya kamata mu yi da mazajenmu tun ana zaune lafiya. "Ba a shiga" da ake rubutawa a ƙofar gida abu ne mai kyau, yana kare mutuncinmu. Amma ranar gobara larura ce, kuma shari'a ta sa kare rai a gaba. Babu laifi a kan namijin da ya haura katanga don ya ceci mata da yara, babu laifi a kan macen da ta fito babu mayafi wuta na bin ta. Kada wata ta koma cikin hayaƙi neman hijabi, kada kuma wani ya tsaya a zaure yana jiran izini.

Me ƙungiyarmu za ta iya yi? Kowane reshe zai iya gayyatar ma'aikatan kashe gobara mafi kusa su zo makarantar matan aure su koyar da mu da hannu. Kowane gida ya ajiye bokitin yashi kusa da madafi. A haɗa kuɗi kamar yadda muke adashi a sayi tsani da gatari da tukunyar kashe wuta, a ajiye a gidan mai unguwa ko masallaci. A san gidajen da ke da rijiya ko tanki, da gidajen da ke da tsoho ko marar lafiyar da ba ya iya fita da kansa. Mu ƙarfafa wa mazajenmu da samarinmu gwiwa su kafa rukunin sa-kai, a ba su horo, domin wanda ya faɗa wuta babu sani yakan ƙara yawan gawa ne. Mu malamai kuma mu duba makarantunmu, ƙofa nawa aji yake da ita, kuma a buɗe take ko a garƙame?

A cikin Suratul Ma'un Allah Ya zargi masu hana ɗan abin taimako, kuma Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce a zamanin Annabi (SAW) suna lissafa aron guga da tukunya a cikin wannan. Idan hana aron guga abin zargi ne a ranar da babu komai, ina ga ranar da gidan maƙwabci ke ci? Karin maganarmu ta ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan hikima ce, amma addini ya ɗora mana fiye da haka: ruwan farko na gemun da ke cin wuta ne. Don haka amsar tambayarmu ita ce, za a tambayi shugaba gwargwadon ikonsa, a tambayi maigida, a tambaye ni, a tambaye ki, kowa a kan abin da yake iya yi bai yi ba.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga wutar duniya da ta lahira, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, amin.