Kiyasi a Ƙarƙashin Fiffike: Gaskiyar Kwaikwayo a Ƙirar Ƙaramin Jirgin Sama

Daga cikin tsofaffin tambayoyin falsafa akwai tambayar da ta shafi kwaikwayo, wato ko abin da aka ƙera domin ya yi kama da wani yana da gaskiya tasa, ko kuwa inuwa ce kawai ta asalinsa. Aflatun, a littafi na 10 na Jamhuriya, ya ajiye mai kwaikwayo a mataki na ƙasa, saboda a ganinsa siffar waje kaɗai yake ɗauka ba tare da sanin yadda abin yake aiki ba. Ana iya jarraba wannan hukunci a kan sana'ar masu ƙera ƙananan jiragen sama da hannu tun daga zane har zuwa tashi, musamman a sashen da ya fi ba su wuya, wato ƙafafun sauka masu naɗewa cikin fiffike da ƙofofin da ke rufe su.

Ƙafa mai naɗewa ta samo asali ne daga wata lalura, domin turjiyar iska, wato ƙarfin da iska ke ja da jirgi baya da shi, tana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninku biyu. Jirgin tsere na Dayton-Wright na 1920 yana cikin na farko da suka naɗe tayoyinsu, sannan Lockheed Orion na 1931 ya kawo dabarar cikin jigilar fasinja. A jirgin yaƙin Amurka P-51 Mustang ƙafafun suna naɗewa ne zuwa ciki, kuma aikin yana bin jeri: ƙofar ciki ta buɗe, ƙafa ta wuce, ƙofar ta sake rufewa, duka ta hanyar ƙarfin matsin mai.

Maƙerin da ya rage Mustang zuwa kashi 1 cikin 6 zai sami fiffike mai tsawon kusan mita 1.9 daga asalin mita 11.3, amma ragin ba ya tafiya daidai a kowace fuska. Galileo ya bayyana a 1638 cewa faɗin fuska da girman ciki ba sa raguwa tare, don haka a wannan ma'auni fuska tana raguwa sau 36, ciki kuma sau 216, alhali ciyawar fili da tsakuwa da iska suna nan yadda suke. Tayar da ta kai tafin hannu tana karo da dutsen da babban jirgi ba zai ji shi ba, kuma hinjin ƙofa da aka rage bisa lissafi zai zama siriri har ya karye. Saboda haka maƙeri yakan sauya matsin mai da matsattsiyar iska, ko injin lantarki, ko sarbo, wato 'yar na'urar da ke juya hannu bisa umarnin rediyo; yakan ƙarfafa ramin taya da katako mai ƙwari tun da ramin ya raunana itacen balsa na fiffiken; yakan kuma sa makulli a ƙafa domin nauyin sauka ya faɗa kan ƙarfe maimakon na'ura.

Wannan aiki ya yi kama da abin da malaman usulul fiƙihu suke kira kiyasi, wato ɗora hukuncin abin da nassi ya ambata a kan abin da bai ambata ba. Rukunansa huɗu ne: asali, reshe, hukunci, da illa, wadda ita ce dalilin da ya haɗa asali da reshe. Babban jirgi shi ne asali, ƙarami reshe, kuma wanda ya kwafi awo da awo bai nemi illa ba ya faɗa cikin kiyasi tare da bambanci, wanda malamai suka ce ɓatacce ne. Hukuncinsa a fili yake fitowa, domin ƙofar da ta rufe kafin ƙafa ta wuce tana maƙale taya, wadda kuma ba ta zauna daram ba iska tana shiga ƙarƙashinta ta fizge ta, jirgin ya sauka a kan cikinsa. Maƙeri na gari sai ya tambayi kowane ƙarfe dalilin zamansa, sannan ya saɓa wa asali a kayan aiki domin ya dace da shi a aiki, kuma wannan sani shi ne ainihin abin da Aflatun ya hana wa mai kwaikwayo.

Akwai suka mai nauyi a kan wannan matsayi, ita ce cewa illar asali ta yi rauni a reshe, tun da ƙaramin jirgi mai tafiya a hankali ba ya samun riba mai yawa daga naɗe taya, sai ma ƙarin nauyi da haɗarin lalacewa. Sukar gaskiya ce, amma abin da take nunawa shi ne manufa ta sauya: babban jirgi yana naɗe ƙafa domin gudu, ƙarami kuwa domin ya ba da shaida ta gaskiya a kan babban. Shi ya sa a gasar ƙananan jiragen kwaikwayo ta F4C, ƙarƙashin FAI, hukumar wasannin jiragen sama ta duniya da aka kafa a Faris a 1905, alƙalai suke duba jirgi a ƙasa tare da hotunan asalinsa, sannan su duba yadda yake tashi da sauka.

Ta fuskar shari'a kuwa, game da halascin ƙera sura, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibnu Abbas ya shawarci wani mai yin sura da ya koma ga bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai, kuma jirgi yana cikin wannan rukuni. Abin da ya rage a kan maƙeri shi ne itƙani, wato kyautata aiki har a wurin da ido ba ya kaiwa. Ramin taya yana ƙarƙashin fiffike, ƙofa tana rufe shi mafi yawan lokacin tashi, kuma ingancin makullin da ke cikinsa ba ya bayyana sai a daƙiƙar da taya ta taɓa ƙasa da dukan nauyin jirgin a kanta.