Wanda aka kulle, amanar wa ya zama?

 Ya ku ƴan'uwa, idan alƙali ya yanke hukunci aka rufe mutum a gidan kaso, mu da ke waje mukan ce an huta da sharrinsa. Shin da gaske an huta? Kuma wanda aka raba da ƴancinsa, alhakin tsaron ransa yana wuyan wa? Labarin ƙasar Birazil yana da amsa ga mai lura.

A ranar 2 ga Oktoba 1992 ƴan sanda suka shiga gidan kason Carandiru a birnin Sao Paulo don kashe wutar tarzoma, aka kashe fursunoni 111. A shekarar 1993 wasu fursunoni a gidan kason Taubate suka kafa ƙungiyar da aka sani da PCC, suna cewa tun da hukuma ba ta tsare su ba, su za su tsare kansu. Kafin su, tun wajajen 1979, ƙungiyar Comando Vermelho ta tsiro a kurkukun wani tsibiri kusa da birnin Riyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. PCC ta hana fyaɗe da sata tsakanin fursunoni, ta aza kuɗin wata a kan ƴaƴanta, tana biyan lauya, tana taimakon iyalin wanda ke tsare. Sabon shiga, mai tsoro da yunwa, sai ya yi mubaya'a.

To yaya ikon da aka haifa bayan ƙyaure ya fita titi? Da farko, wanda aka saki yana fita da bashin alheri da rantsuwa a wuyansa. Na biyu, hukuma ta rarraba shugabannin zuwa wasu gidajen kaso don ta karya su, sai ya zama ta watsa iri a sababbin gonaki, salula kuma ta haɗa su. Na uku shi ne mafi ƙarfi: mai sayar da ƙwaya a unguwa ya san ko ba daɗe ko ba jima za a kama shi, ya san kuma hannun wa zai faɗa a ciki. Don haka yana bin umurnin mutumin da ke kulle tun yana yawo a sake. Fursunonin Birazil sun tashi daga kimanin 90,000 a 1990 zuwa sama da 700,000 a 2016, kowane sabon ɗauri kuwa ƙarin mayaƙi ne ga ƙungiya. A watan Mayu 2006, da umurni daga cikin kaso, aka far wa ƴan sanda, aka ƙone motocin safa, har birnin Sao Paulo ya tsaya cik.

Da iko ya fita, sai rabon ƙasa ya taso, domin kasuwar hodar iblis ba ta da alƙali, iyakarta bakin bindiga. A 2016 zumuncin ƙungiyoyin biyu ya watse. A farkon Janairu 2017 aka kashe fursunoni 56 a wani gidan kaso na birnin Manaus, a rikicin da ke da nasaba da hanyoyin fataucin ƙwaya ta kogin Amazon. Talakan unguwa kuwa ya wayi gari yana tsoron ƙetare titi zuwa unguwar maƙwabta.

Wasu masana sun ce inda ƙungiya guda ta yi rinjaye kisan kai ya ragu, kamar yadda aka gani a Sao Paulo. Ko da mun karɓi wannan, muna cewa zaman lafiyar da azzalumi ya bayar aro ne, ranar da ya so zai karɓe abinsa. Ba a ba kura ajiyar nama. Wasu kuma sun ce mai laifi bai cancanci tausayi ba, a ƙara tsanantawa. Hukunci gaskiya ne, kowa kuma zai ɗauki nauyin abin da hannunsa ya aikata. Amma alƙali ɗauri ya yanke. Bai yanke yunwa ko fyaɗe ko kisa ba. Duk abin da aka ƙara a kan hukunci zalunci ne. Wanda ya ɗaure hannun mutum har ya kasa kare kansa, kariyarsa ta koma wuyansa. Alƙur'ani a Suratul Insan ya ambaci ciyar da kamamme tare da miskini da maraya cikin ayyukan mutanen kirki.

Mu nan ba mu kai halin Birazil ba, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu manta da fursunoni 29 da suka mutu a gidan kason Yamai a 1999 ba. Mun san cunkoso, mun san masu jiran shari'a wata da watanni, mun kuma san gungun samarin da ake kira fale a Damagaram, kowane da unguwarsa. Yaron da aka kama da satar akuya, idan aka haɗa shi ɗaki da ƙwararren ɗan fashi, makaranta aka kai shi.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta gaggauta shari'a, ta raba yara da manya, ta tsare wanda ta tsare. Mu kuma mu kai ziyara da abinci, malamai su kai karatu, masu sana'a su karɓi wanda ya gama wa'adinsa. Wanda danginsa suka rufe wa ƙofa ranar fitowarsa, akwai masu jiransa da tasu ƙofar a buɗe.

Allah Ya shirya ƴaƴanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.