Amanar Shaida Da Haramcin Algus

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a wannan mako za mu dubi wani al'amari na ƙasar Amurka, saboda darasin da ke cikinsa. A can, idan aka yi wa mace fyaɗe, ma'aikatan asibiti sukan ɗebi alamun da mai laifin ya bari a jikinta da tufafinta, su rufe cikin akwati su hatimce, a kuma rubuta sunan duk wanda akwatin ya bi ta hannunsa. A shekarar 2009 aka tarar da irin waɗannan akwatuna fiye da 11,000 jibge a ma'ajiyar 'yan sandan birnin Detroit, ba a bincika su ba. Kowane akwati kuwa kukan wata baiwar Allah ne da aka tozarta.

A 2019 sai wani kamfani ya shiga tallar akwatin da mace za ta saya ta ɗebi shaida da kanta a gida. Babbar Lauyar Jihar Michigan, Dana Nessel, ta gargaɗe shi ya daina, kuma a 2023 Jihar Washington ta haramta sayar da irinsa. Dalili shi ne, kotu tana iya ƙin shaidar da ba a san hannun da ta bi ba, ga shi matar ta rasa maganin asibiti, ta kuma biya kuɗi alhali a asibiti kyauta ne.

To, shari'ar Musulunci ba baƙuwa ba ce ga wannan. A cikin Suratu Yusuf, rigar da aka yage ta baya ita ta bayyana gaskiyar Annabi Yusufu. Malamai suna kiran irin wannan alama ƙarina, kuma Ibnu Farhun, Bamalike, ya yi bayaninta a littafinsa Tabsiratul Hukkam. Imamu Malik ma a Muwaɗɗa ya lura da alamar jini da neman agaji ga wadda ta ce an tilasta mata. Ashe ke nan shaida amana ce, wanda ya wofintar da ita ya taimaki azzalumi.

Game da ciniki kuwa, Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma barranta daga mai algus. In ɓoye jiƙaƙƙen hatsi ya kai haka, ina ga sayar wa wadda aka zalunta abin da zai iya ɓata mata hujja?

Saboda haka wajibi ne hukuma ta tsare shaida ta kuma tsawata wa mayaudara. Mu kuwa iyaye, kada kunya ta sa mu jinkirta kai 'ya'yanmu asibiti, ko mu wanke tufafin da gaskiya ke jikinsu. Laifi na azzalumi ne, wadda aka tilasta ba ta da zunubi.

Allah Ya kare mana zuriya, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.