Baƙon Kwana Biyu da Tsohon Gari

A zamanin nan tafiya ta yi sauƙi. Ma'aikaci yakan sami hutun kwana biyu, ya hau mota daga Kano da safe, kafin rana ta take ya sauka Rano, ya zaga gari, ya ɗauki hotuna, washegari ya koma gida. Wannan ba laifi ba ne, gama Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma akwai tambayar da ya kamata mu tsaya a kanta: shin wanda ya kwana biyu a tsohon gari ya isa ya ce ya san garin, har ya yanke wa mutanensa hukunci?

Mu dubi abin da irin wannan baƙo zai gani a Rano. Zai ga duwatsun da suka tsare garin, da ƙofar fadar sarki, da kasuwa. In ya ƙara gaba zuwa Kibiya ya ga gonakin dawa da gero. Abin da ido ba zai nuna masa ba ya fi yawa. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. A labarin mutanen dā, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato masu arzikin rini. A shekarar 2019 gwamnatin Jihar Kano ta ɗaga Rano ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka soke wannan doka, sa'an nan aka sake kafa masarautar da daraja ta biyu, ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Kowane sauyi cikin waɗannan ya bar murna a wasu gidaje, ya bar ciwo a wasu. Hoton ƙofar fada ba ya ɗaukar wannan.

Haka abin yake a ƙasashen nesa. A yankin Balkan na Turai akwai Sarayebo, babban birnin Bosniya, inda baƙi ke zuwa hutun ƙarshen mako. Cikin 'yar gajeruwar tafiya da ƙafa mutum zai wuce masallacin da aka gina a ƙarni na 16, da babban cocin Katolika, da na Otodoks, da majami'ar Yahudawa. Baƙon da ya tsaya nan zai ce mutanen garin ba su san faɗa ba. Wani kuma zai ga tabon harsashi a bango, ya ji cewa an yi wa birnin ƙawanya daga 1992 zuwa 1996, har dubban mutane suka hallaka, ya ce ai waɗannan ba su san zaman lafiya ba. Kowannensu ya faɗi abin da ya gani, kowannensu kuma ya yi kuskure, domin ya ɗauki ɓangare a matsayin duka.

Mai yiwuwa wani ya ce: ai gani ya kori ji, kuma kwana biyu sun fi rashin zuwa. Gaskiya ne. Wanda ya taka ƙasar Rano, ya sha ruwanta, ya fi wanda ke jin labarinta a tasha. Sai dai haɗarin gani kaɗan shi ne yakan ba mutum ƙarfin baki fiye da saninsa. Wanda bai je ba yakan ce "an ce". Wanda ya je yakan ce "na gani da idona", mutane kuwa su gaskata shi. In mai sayarwa ɗaya ya tsauwala masa, sai ya koma yana cewa mutanen garin nan macuta ne. In mutum ɗaya bai amsa gaisuwarsa ba, sai ya ɗora laifin a kan addininsu ko ƙabilarsu. A ƙasa irin tamu, inda Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, irin wannan magana ba ƙaramar wuta take hurawa ba. Dokar da ta hana shaidar zur a kan maƙwabci ta shafi gari guda kamar yadda ta shafi mutum guda.

Saboda haka baƙo yana da bashi uku a wuyansa. Na fari, ladabi: ya gai da dattawa, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum ko ya shiga wurin ibadar da ba tasa ba, gama mazauna gari ba kayan kallo ba ne. Na biyu, tambaya: ya zauna da waɗanda suka tsufa a garin, ya saurara fiye da yadda zai yi magana. Na uku, riƙon harshe bayan ya koma gida: ya faɗi abin da ya gani daidai girmansa, kada ya ƙara masa gishiri.

Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana. Raɓa takan sauka da dare, ta jiƙa ganye, ta tashi da hantsi ba tare da ta karya ko reshe ɗaya ba. Wanda ya sami hutu ya je Rano, ya je Kibiya, ya je duk inda Allah ya hore masa, ya kuma bar sunan garin da kyau kamar yadda ya same shi. Ubangiji ya kiyaye fitarmu da komowarmu.